Saƙo Daga Gida: Tarihin Kyautar da Ake Aika wa Soja a Ƙasar Waje

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi uku na kayan da suka shafi matafiyi. Abin da ya ƙulla ya tafi da shi, shi ne guzuri. Abin da ya riƙo wa mutanen gida ranar dawowa, shi ne tsaraba. Abin da kuwa aka bi shi da shi daga baya, yana can baƙon wuri, shi ne saƙo. Wannan maƙala a kan na ukun take, wato kyauta da wasiƙa da sauran tallafi da ake aika wa sojan da aka tura yaƙi wata ƙasa.

Za a bi tarihin abin tun daga tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ya zama tsararren aiki a ƙasashen Turai, har zuwa lokacin da ya shafi sojojin Afirka ta Yamma waɗanda Ingila da Faransa suka ɗiba a yaƙe-yaƙen duniya guda biyu. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, ƙunshin da ake aika wa soja yana bayyana matsayin da masu aikawa suka ba shi. Sa'an nan za a ga cewa kyauta daban take da haƙƙi, kuma duk inda aka ba da ta farko aka danne na biyu, rigima ce ke biyo baya.

2.0 Mafari: Yaƙin Kirimiya

Aika wa mayaƙi abinci ko tufafi tsohon abu ne a duniya. Sai dai kafin jama'ar ƙasa guda su haɗa hannu su yi shi a tsare, sai da abubuwa uku suka samu: jaridar da za ta gaya wa mutane halin da sojansu ke ciki, da jirgin ruwa mai tururi da zai kai kaya cikin 'yan makonni, da kuma gidan waya mai araha. A Ingila an fara aika wasiƙa da kan sarki na kwabo ɗaya a shekarar 1840. Saboda haka, da ƙasar ta shiga Yaƙin Kirimiya a 1854, tare da Faransa da Turkiyya a kan Rasha, duk abubuwan nan uku sun kammala.

Wakilan jaridar The Times, musamman William Howard Russell, suka riƙa aiko da labarin yadda sojoji ke mutuwa da kwalara da zawo da sanyi. Cuta ta fi harsashi kisa a wannan yaƙi nesa ba kusa ba. A watan Oktoba na 1854 jaridar ta buɗe asusun taimakon marasa lafiya da masu rauni, kuma Florence Nightingale, wadda ta isa asibitin Sukutari da mata masu jinya 38 a watan Nuwamba, ta sayi kayan aiki masu yawa da kuɗin wannan asusu. Ranar 14 ga watan Nuwamban kuma guguwa ta nutsar da jirgin ruwa mai suna Prince a bakin tashar Balakalaba, ɗauke da tufafin sanyi na rundunar. Sai mata a gida suka duƙufa saƙa safa da huluna da rigunan ulu. Hular nan mai rufe kai da wuya, wadda ke barin ido kawai, daga sunan wannan tasha ta samo sunanta a harsunan Turai.

Akwai darussa biyu a nan waɗanda za su yi ta maimaituwa. Na farko, yawancin abin da aka kira kyauta, abu ne da ya wajaba gwamnati ta tanada tun farko, jama'a suka toshe giɓin da ta bari. Na biyu, tara kaya ya fi kai su sauƙi. Kaya sun yi ta taruwa a tashar Balakalaba suna ruɓewa, alhali sojojin da ke bukatarsu suna 'yan milamilai kaɗan a kan tudu, domin hanya ta zama taɓo. Sai da aka shimfiɗa gajeriyar hanyar jirgin ƙasa a farkon 1855 sannan abin ya daidaita.

3.0 Gwangwani Biyu: 1900 da 1914

A ƙarshen 1899 Ingila na yaƙi da Turawan Bowa a Afirka ta Kudu. Sarauniya Biktoriya ta yanke shawarar aika wa kowane sojanta gwangwanin cakulan na barka da sabuwar shekarar 1900. Aka ba kamfanoni uku aikin: Cadbury da Fry da Rowntree. Masu waɗannan kamfanoni mabiya wata ɗariƙar Kirista ne da ake kira Kweka, wadda ta haramta yaƙi, don haka ba su so a ce sun ci riba da shi ba, suka ba da cakulan ɗin kyauta. An aika gwangwani fiye da 120,000, kowane da hoton Sarauniya a murfi. Sojoji da yawa ba su ci ba, sai suka mayar wa iyalansu shi a rufe, har yau kuma akan tsinci irinsa da cakulan ɗinsa a ciki. Wannan ya nuna cewa darajar abin tana ga hannun da ya aiko, fiye da abin da ke cikin gwangwanin.

Bayan shekara 14 aka sake yin irin wannan, amma ya fi na farko girma ƙwarai. A watan Oktoba na 1914 Gimbiya Meri, 'yar Sarki Joji na Biyar, tana da shekara 17, ta roƙi jama'a su tara kuɗi don a aika wa kowane soja da matuƙin jirgin yaƙi kyautar Kirsimeti. Aka ƙera ɗan akwatin tagulla mai hoton kanta da sunayen ƙasashen ƙawance. Mai shan taba ya sami lofe da taba da sigari kara 20 da kati da hoton Gimbiya. Wanda ba ya sha aka ba shi alewa da fensir da takardar rubutu da ambulan. Mata masu jinya suka sami cakulan.

Abin lura ga ɗalibin tarihi shi ne yadda aka yi da sojojin Indiya da ke Faransa a lokacin. An nemi shawarar waɗanda suka san su, aka gane cewa addinin Sik ya hana taba, saboda haka mabiyansa aka sa musu alewa da kayan yaji. Sauran sojojin Indiya suka sami sigari da alewa da kayan yaji. Gurka na ƙasar Nepal aka ba su daidai da na Turawa. Masu hidimar sansani kuwa, irin su masu ɗebo ruwa da masu shara, ba a ba su akwatin tagullar ba, sai gwangwanin kayan yaji da kati. Wato a cikin kyauta guda an ga abu biyu: ƙoƙarin girmama al'adar mutum, da kuma jera mutane hawa-hawa kamar yadda daular ta saba.

Zuwa ranar Kirsimeti an raba fiye da akwati 350,000. Daga baya aka faɗaɗa shirin ya haɗa da duk wanda ke sanye da kakin Sarki a wannan rana, sai tagulla ta yi ƙaranci, domin masana'antun harsashi ma ita suke nema. Aka sayo daga Amurka, wani kaso mai yawa kuma ya nutse da jirgin Lusitania da Jamusawa suka harba a watan Mayu na 1915. Ba a rufe asusun ba sai 1920, bayan an tara fam 162,591 an kuma raba akwati fiye da miliyan biyu da rabi. Wasu sun karɓi kyautar Kirsimetin 1914 ne bayan yaƙin ya ƙare.

4.0 Gidan Waya da Uwar Ɗaki

Kyautar sarauta sau ɗaya take zuwa. Abin da ke riƙe zuciyar soja kullum shi ne wasiƙa da ƙunshin da iyalinsa ke aikowa, kuma hafsoshi sun gane haka da wuri. A 1915 aka gina wata babbar rumfar katako a dandalin Regent's Park da ke Landan don tantance wasiƙun soja kawai, yawancin ma'aikatanta kuma mata ne. A tsakiyar yaƙin ana aika wasiƙa wajen miliyan 12 a kowane mako, kuma wasiƙa kan isa ramin da soja yake a Faransa cikin kwana biyu ko uku. Faransa ma tun watan Agusta na 1914 ta yafe kuɗin kan sarki ga wasiƙun soja. Amma hukuma na karanta wasiƙun, tana goge sunan wuri da duk abin da take ganin zai amfani abokan gaba ko ya karya zuciyar mutanen gida.

To, wanda ba shi da mai rubuto masa fa? Jamusawa sun mamaye wani yanki na arewacin Faransa tun 1914, sojojin da suka fito daga can suka yanke da iyalansu. Saboda su ne aka kafa wata ƙungiya mai suna La Famille du Soldat a watan Janairu na 1915, wadda ke haɗa soja da wata mace da ba ta san shi ba, ta riƙa rubuta masa wasiƙa tana aika masa safa da sabulu da taba da abinci. Faransawa na kiran irin wannan mace marraine de guerre. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce uwar ɗaki, wato macen da ta ɗauki wanda ba ɗanta ba ta riƙa kula da shi. Wannan al'ada ta bazu ƙwarai, kuma ita ce daga baya ta zama hanyar da sojojin Afirka da yawa suka fara sanin Bafaranshe wanda ba kwamanda ba ne, ba kuma ɗan kasuwa ba.

5.0 Sojan Afirka ta Yamma a Yaƙin Farko

Tun kafin 1914 Turawa na ɗaukar 'yan Afirka ta Yamma aikin soja. Rundunar da ta zama tushen sojan Nijeriya ta faro ne a Legas a 1863, ana kiranta Hausawan Gulóba, da sunan Baturen da ya kafa ta, John Glover. A Gwalkwas, wato Ghana ta yau, rundunar farko ma da sunan Hausa aka san ta, kuma Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki a ƙasashen biyu. Faransa kuwa duk sojan da ta ɗauka daga yankin tana kiransa ɗan Senegal, ko da daga Mali ko Gini ko Nijar ya fito.

Sojojin ɓangaren Ingila sun yi yaƙi a Togo da Kamaru, inda aka gama da miƙa wuyan Jamusawa a dutsen Mora a watan Fabrairu na 1916. A ƙarshen wannan shekara aka kwashi birged guda na 'yan Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Darussalam, a Tanzaniya ta yau. Damina ta riske su a bakin kogin Rufiji a farkon 1917, hanyoyi suka yanke, abinci ya ragu har sojoji suka koma cin saiwoyi da naman dorina, wasu suka mutu da guba. A irin wannan wuri darasin Balakalaba ya dawo: inda hatsi bai isa ba, ƙunshin kyauta ba zai isa ba.

Faransa ta ɗebi kusan mutum 200,000 daga Afirka ta Yamma a wannan yaƙi, kimanin 30,000 kuma ba su dawo ba. Da yake sanyin arewacin Faransa na kashe su, akan janye su a lokacin hunturu zuwa sansanonin kudu, musamman Firejus da ke bakin Bahar Rum. Iyayensu na can ƙauye, ba su iya boko ba, gidan waya na da nisan kwanaki, kuma da yawansu ba su san sunan ƙasar da aka kai ɗansu ba. Saboda haka tallafin da suka samu ya fito ne daga ƙungiyoyin agaji da ɗaiɗaikun Faransawa. Cikin abubuwan da aka yi ƙoƙarin kawo musu har da goro, wanda a wurinsu ya tsaya a matsayin da kayan yaji suka tsaya ga 'yan Indiya. Duk wanda ya san fataucin goro ya san wahalar wannan aiki, domin sai an naɗe shi da ganye ana yayyafa ruwa ana tsince mai tsutsa, in ba haka ba ya bushe a hanya. A 1917 kuma aka keɓe rana guda a Faransa ta tara gudummawa don sojojin Afirka da na sauran ƙasashen da take mulka.

Cikin mutanen Firejus akwai wata mai zane, Lucie Cousturier, wadda aka kafa sansani kusa da gidanta. Da farko tsoron baƙin take yi, daga baya ta buɗe musu ƙofa ta riƙa koya musu karatu da rubutun Faransanci, suka riƙa rubuto mata wasiƙa daga fagen fama. Ta ba da labarin wannan a littafinta Des inconnus chez moi na 1920. Kyautarta ta bambanta da taba da alewa, domin wanda aka koya wa rubutu ya sami hanyar aika nasa saƙon, da kuma rubuta ƙorafi ranar da aka zalunce shi.

6.0 Yaƙi na Biyu: Fursuna da Bama

Yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta ba fursunan yaƙi damar karɓar wasiƙa da ƙunshin abinci. A Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyar Red Cross ta Ingila da abokan aikinta sun aika ƙunshi fiye da miliyan 20, kowane mai nauyin kimanin kilo 5, yawanci ta Lisbon zuwa Marsai zuwa Janeba, daga nan a raba sansanoni. Fursunoni da yawa sun shaida cewa da wannan ƙunshi suka rayu.

Sojojin Afirka da Jamusawa suka kama a 1940, lokacin da Faransa ta faɗi, halinsu daban ne. Saboda aƙidar wariyar launin fata, gwamnatin Hitila ba ta so a tsare su a ƙasar Jamus ba, sai aka bar yawancinsu a sansanoni cikin Faransa. Yaƙin teku ya raba su da gida. A nan al'adar uwar ɗaki ta farfaɗo: matan garuruwan da ke kusa suka riƙa kai musu burodi da tufafi, suna rubuta musu wasiƙa, wasu har suka taimaka musu suka tsere. Léopold Sédar Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban Senegal na farko, yana cikin waɗannan fursunoni daga 1940 zuwa 1942, kuma a littafin waƙoƙinsa Hosties noires na 1948 akwai waƙar da ya yi don yaba wa matan Faransa.

A ɓangaren Ingila, Nijeriya ta ba da soja fiye da 100,000, Gwalkwas fiye da 60,000. Bayan yaƙin Habasha na 1941, aka kafa manyan rundunoni biyu a 1943, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya da Bama su yaƙi Japan. Runduna ta 81 ta zagaya ta Afirka ta Kudu kafin ta sauka Bombai, tafiyar makonni a teku. A kwarin kogin Kaladan babu hanyar mota ta kirki, saboda haka abinci da harsashi da wasiƙa daga jirgin sama ake jefo musu da laima, su kuma su ɗauka a ka. Wannan ce babbar runduna ta farko da aka ciyar gaba ɗaya ta sama na tsawon watanni. Birged guda na 'yan Nijeriya kuma ya shiga cikin dakarun Cindit da suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa a 1944.

A irin wannan nisa, wasiƙa ta fi kowace kyauta daraja, kuma dalilin ya wuce kewa. Soja kan ware wani kaso na albashinsa a riƙa biyan matarsa ko mahaifinsa ta ofishin Di'o ko na En'e, kuma ta wasiƙa ce kawai zai san ko kuɗin na isa. Har ila yau, a mazhabar Malikiyya matar da miji ya bari ba ci ba sha tana da ikon kai ƙara wurin alƙali ta nemi rabuwa. Saboda haka takarda guda mai cewa ina nan da rai, ga kuma kuɗin cefane, tana iya riƙe aure. Wanda ya yi makarantar allo ya rubuta da ajami, wanda bai yi ba ya nemi abokinsa ko akawun kamfani, a gida kuma a kai wa malami ko mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya karanta. Da yawa a soja suka koyi boko saboda wannan bukata. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta zama wata gada: tana kai labarin yaƙi gida, tana kai labarin gida ga sojoji.

Akwai kuma saƙon da ya tafi da ƙafarsa. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda aka naɗa a 1944, ya yi tattaki har Indiya da Bama ya gana da sojojin Nijeriya. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Ga sojan da ya yi shekara bai ga rawani ba, ganin sarki daga gida shaida ce cewa ba a manta da shi ba. Ga hukumar mulkin mallaka kuwa, ziyarar hanya ce ta kwantar da hankalin rundunar. Duka biyun gaskiya ne, kuma haka kyautar soja take tun zamanin Biktoriya: alheri ne, kuma dabarar mulki ce.

7.0 Ranar Dawowa

An gama yaƙi da Japan a watan Agusta na 1945, amma saboda ƙarancin jiragen ruwa sojojin Afirka ta Yamma da yawa ba su ga gida ba sai 1946. A nan ne bambancin kyauta da haƙƙi ya fito fili.

A ɓangaren Faransa abin ya riga ya faru. A watan Nuwamba na 1944 aka sauke tsofaffin fursunoni fiye da 1,000 a Dakar, aka kai su barikin Caroy. Suka ƙi tafiya gida sai an biya su albashin shekarun da suka yi a tsare. Da safiyar 1 ga Disamba aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton soja ya ce 70, masana tarihi da dama kuma na ganin sun kai ɗaruruwa. Waɗannan su ne mutanen da matan Faransa suka ciyar a sansani. Ousmane Sembène ya yi fim a kan lamarin a 1988, amma sai a watan Nuwamba na 2024 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Bugu da ƙari, wata doka ta watan Disamba na 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke shirin samun 'yanci, ta yadda na Bafaranshe ke ƙaruwa nasu yana tsaye. Ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai 2011, bayan yawancin masu shi sun rasu.

A ɓangaren Ingila ma an bambanta. Wata takardar 1945 da 'yan jarida suka fito da ita a 2019 ta nuna cewa a rundunar Gabashin Afirka, kuɗin sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane watan da ya yi yana aiki, na farabiti baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. A Gwalkwas, ranar 28 ga Fabrairu na 1948, 'yan mazan jiya suka yi jerin gwano a Akara za su kai wa Gwamna takardar koke a kan fansho da rashin aiki da tsadar kaya. Wani hafsan 'yan sanda Bature ya harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta sa aka kafa hukumar bincike ta Watson, aka sake tsarin mulki, aka kama hanyar da ta kai ga 'yancin Ghana a 1957.

8.0 Bayan 'Yancin Kai

Ƙasashen yankin sun ci gaba da tura soja waje bayan tafiyar Turawa. Ghana da Nijeriya sun je Kwango a 1960 da Labanon daga baya, suka kuma shiga rundunar ECOMOG a Laberiya a 1990. Nijar ta tura soja Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, ita da Cadi kuma sun ba da dakaru ga rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta yi aiki a Mali daga 2013 zuwa 2023. Wayar hannu ta rage wahalar saƙo ƙwarai, domin soja na iya jin muryar 'ya'yansa ya kuma tura kuɗi a rana guda.

Amma tsohuwar matsalar ba ta gushe ba. Juyin mulkin da ya kifar da Henri Konan Bédié a Kwaddibuwa a watan Disamba na 1999 ya faro ne da boren sojojin da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, suna neman alawus ɗinsu. A watan Yuli na 2008 wasu sojojin Nijeriya da suka dawo daga Laberiya suka tare hanya a Akure a kan irin wannan dalili. Kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, daga baya aka sassauta hukuncin. Wannan karon babu Bature a cikin maganar.

9.0 Kammalawa

An ga yadda aika wa soja saƙo ya zama aikin jama'a a Kirimiya, ya zama alamar sarauta a gwangwanin 1900 da akwatin 1914, ya kuma zama babban aikin gidan waya da na mata masu sa kai. An ga cewa sojan Afirka ta Yamma ya sami rabonsa ne gwargwadon nisan hanya da matsayin da aka ajiye shi, kuma alherin da ya fi tasiri a rayuwarsa sau da yawa daga ɗaiɗaikun mutane ya fito, kamar Lucie Cousturier da matan da suka ciyar da fursunoni. Babu dalilin raina wannan alheri, domin ya ceci rayuka ya kuma riƙe gidaje.

Sai dai mai ba da kyauta shi ke zaɓar lokaci da yawan abin da zai bayar, mai karɓa kuma godiya ce tasa. Albashi da fansho da kuɗin sallama kuwa alkawari ne, alkawari kuma kaya ne. Sunayen Kaladan da Arakan da Cindit da Bama suna nan a ƙofofin barikoki a Tamale da Legas da Zariya da Akara. Ɗalibin da ya wuce ta gabansu yana iya tambayar dattawan unguwarsu abu biyu game da kakannin da suka je can: me aka aika musu suna fagen fama, me kuma aka biya su da suka dawo.